Fom ɗina na Excel yana ɓacewa idan an sauke shi ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke riƙe da lissafin wani shagon shinkafa a Birnin Kebbi, na haɗa fom a Excel da VBA (yaren rubuta umarni na Excel) inda yaron shago ke shigar da buhunan da aka sayar. So nake fom ɗin ya tsaya a kan allo, amma da an sauke Excel ƙasa (minimize) sai ya bi shi ya ɓace, duk da cewa da vbModeless (umarnin da ke barin a ci gaba da aiki a Excel fom yana buɗe) nake buɗe shi. Umarnin ɓoye Excel, Application.Visible = False, kuma har fayil ɗin masu bashi yake ɓoyewa, ga shi kullum ina duba fayil ɗin.

Excel 2016 ne, mai 64-bit. Ko SetWindowLongPtr, umarnin Windows na canza saitin taga, zai raba fom ɗin da tagar Excel? Don Allah a ina zan sa shi, kuma yaya ake rubuta shi da PtrSafe, kalmar da Excel mai 64-bit ke buƙata?