Hajiyarmu na cewa ba ma ba ta abinci, ku da kuka yi irin wannan jinyar ya kuka yi?

Daga Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu ta haura tamanin, shekara biyu ke nan da mantuwa ta kama ta, da muka je asibitin Malam Aminu Kano likita ya ce ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba gigin tsufa kawai ba. Abin da ya fi ci min rai maganar abinci, za ta gama cin tuwo ko hannu ba ta wanke ba baƙuwa na shigowa sai ta ce tun jiya ba wanda ya ba ta komai, wallahi ranar nan sai da na shiga kicin na yi kuka. Wata rana kuma a ajiye mata kwano ta zuba masa ido har ya huce. Ta rame sosai.

Daga Zariya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ki lada 'yar uwa. Haka Babanmu ya yi, kuma kuskuren da muka yi da farko shi ne musu da shi, "Baba ai yanzu ka ci", sai ransa ya ɓaci ya ce mun mai da shi maƙaryaci a gidansa. Daga baya muka koma raba abincin, abin da zai ci sau uku muka mai da shi sau shida kaɗan-kaɗan, in ya ce bai ci ba sai mu ce to Baba ga shi nan zuwa, a miƙa masa rabin ayaba ko ɗan dafaffen ƙwai. Kuma in ka zauna kana ci a gabansa shi ma sai ya sa hannu, in shi kaɗai ne ba ya ci.

Daga Damagaram: Mu kakarmu cokali ta manta yadda ake riƙewa, muka dinga yi mata abin da za ta ɗauka da hannu, alale, ɗanwake mai laushi, dankalin Hausa. Ki kula da ruwa, ba sa cewa suna jin ƙishi, lokacin zafi saura kaɗan mu rasa ta.

Daga Kaduna: Ni nas ce, na kuma yi jinyar surukata shekara 4. Anti ki lura ko tana tari ko ƙwarewa in tana sha, in haka ne ruwa tsinkakke ya fi ba su wahala, kunun gyaɗa ko koko mai ɗan kauri ya fi sauƙin haɗiya, ki zaunar da ita a miƙe, kada ta kwanta sai bayan kamar minti 30, domin abinci in ya bi ta hanyar iska nimoniya, wato ciwon huhu, yake kawowa. A duba bakinta ma, surukata sati biyu tana ƙin abinci ashe haƙori ne ya ruɓe ta kasa faɗa. In kuma rikicewar ta ƙaru farat ɗaya a kwana ɗaya biyu, a gwada fitsarinta, sau da yawa infekshan ne. Mu kuma 'ya'yan, mu dinga auna hawan jini da suga tun yanzu, duka biyun suna cikin abin da ke jawo ciwon mantuwar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa ga gishiri ga magi uku a tukunya guda.

Daga zangon Kumasi: Abin da ya fi min zafi da ta Innarmu mutanen unguwa, wasu su ce aljanu wasu har maita suka fara raɗawa saboda tana fita da magariba tana neman gidan ubanta. Da azumi kuma ta dage sai ta yi, malam ya ce an ɗauke mata alƙalami, sai mu ce mata Inna an sha ruwa mu ba ta kunu.

Daga Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na shimfiɗa tabarma na zauna kusa da ita muka ci alale a faranti ɗaya, ta cinye biyu tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu, na amsa. Gobe in sha Allah Yaya zai kai ta a duba haƙoran.