Neman kalma: me za mu kira rimut ɗin da ke yi wa kowa aiki?

Jama'a, kalma nake nema, amma ba "rimut" nake so a taɓa ba. Wannan ta riga ta zauna daram kamar rediyo da talabijin. Ko Inna da ba ta taɓa zama a aji ba, "miƙo man rimut" take cewa. Wadda ta tsaya mini a maƙogwaro ita ce "yunibasal" da masu shaguna ke liƙa masa, wato rimut guda da zai ji da talabijin da dikoda da sifika. Ran da na furta ta a gida, Inna ta ɗago kai ta ce, "Wa za a kai yunibasiti?"

Abin da ya jawo zancen: a falonmu a Mabera rimut huɗu ne a kan tebur. Na talabijin, na dikodar da ake biya wa kuɗin wata, na risibar tashoshin kyauta, da na sifika. Ɗaya an ɗaure murfin batirinsa da roba, ɗaya yana cikin leda tun hunturun bara saboda ƙura, ɗaya kuma lambobinsa sun goge, sai dai a latsa da tawakkali. Na ce bari in sayo guda ya hutar da mu. Na sayo, na kuma rasa sunan da zan gaya wa mutanen gida.

Na kai maganar majalisarmu ta bayan la'asar, na kuma tambayi wasu ta waya. Wadda ta fi fitowa ita ce "gama-gari". A ma'ana ba ta yi nisa ba. Sai dai ku tuna yadda take a bakin 'yan kasuwa: in aka ce yadi gama-gari ne, ba yabonsa aka yi ba, an ce ne kowa na da shi kuma ba wani abin a zo a gani. Wane mai shago ne zai ɗaga hajarsa ya ce, "Alhaji, ga gama-gari"? In mai sayarwa ya ƙi faɗin kalma, a takarda za ta ƙare.

Wani ya ce "linzami". Linzami ya sha kaya: makami mai linzami, linzamin kwamfuta. Kuma doki guda ake sa wa linzami, alhali mu abin da ke juya dabbobi da yawa muke nema. Na wuce.

Sai Kawu, wanda ya yi shekaru yana harkar dabbobi tsakanin Illela da Kara. Ya karɓi abin, ya jujjuya shi, ya ce, "Kai yaro, mi kuka wahal da kanku? Wanga ai akala ta. Mutum guda ka riƙe ta, raƙuma goma su biyo shi." Wallahi ta shige ni. Da ma muna cewa an juya akalar zance, an karkata akalar mulki, to akalar talabijin ba za ta yi wa kunne baƙunta ba. Tarihin abin ma yana bayan Kawu. Rimut na farko da kamfanin Zenith ya fitar a Amurka a 1950, wanda suka raɗa wa suna Lazy Bones, wato raggo, da igiyarsa ya zo: doguwar waya daga talabijin har kujera, mutane suna tuntuɓe da ita. A 1955 Eugene Polley ya yi wanda ke haska talabijin kamar tocila, sai ya zama hasken rana ma yana iya canja tasha. Ku ƙiyasta wannan a Sakkwato a watan Afrilu. A 1956 Robert Adler ya kawo mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, ko batir ba ya buƙata.

Duk da haka ban ɗauki akala ba, na kuma faɗa wa Kawu dalili cikin ladabi. A ayari, in ka ja na gaba sauran sun biyo. Rimut ɗin da muke magana ba haka yake ba. Yawancinsu sai ka latsa maɓallin talabijin ka yi magana da talabijin, ka latsa na dikoda ka koma kan dikoda. Ɗaya bayan ɗaya yake bin su. Abin da ya yi kama da ayarin Kawu yana nan daban: tsarin mai suna CEC da ke cikin wayar HDMI, wato wayar da ke kai hoto da sauti daga irin su dikoda zuwa talabijin, inda talabijin ke miƙa umarni ga na'urar da aka jona masa, a kunna ɗaya ɗayar ta tashi. Samsung na kiransa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Mutane da yawa suna da shi a kashe ba su sani ba. Ku leƙa saitin talabijin ɗinku kafin ku fitar da kuɗi. Wannan na bar wa Kawu: akalar HDMI. Ya ce shi bai san wata HDMI ba, amma ya karɓa.

Mai gyaran talabijin na unguwarmu ya zo da tasa: "tafinta". Ya ce in buɗe kyamarar wayata, in saita kan rimut, in latsa. Sai ga ɗan ƙwan da ke gaba yana ƙyaftawa a fuskar wayar, alhali da ido ba ka ganin komai. Ya ce wannan hasken shi ne maganar rimut. A yawancinsu yana ƙyaftawa wajen sau 38,000 a daƙiƙa guda, kuma yadda ake yanka shi gajere da dogo shi ne saƙon. Kowane kamfani da irin yankansa, wato kowa da yarensa. Shi ya sa rimut ɗin wani talabijin zai yi ta ihu a gaban wani, ko gezau. Na yunibasal kuwa yaruka da yawa aka zuba masa, tun wanda Philips ya fara fitarwa a 1985 da sunan Magnavox. (Wannan dabarar kyamara ku riƙe ta, ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ko rimut yana aika saƙo ko ba ya aikawa, kodayake kyamarar bayan wasu wayoyi tana tace hasken, sai a gwada ta gaba.)

Bayaninsa ya gamsar da ni, sunan ne bai yi ba. A ƙasar da yara ke kwana a kan fassarar finafinan Indiya, ka ce kana sayar da rimut tafinta, gobe wani zai dawo maka da shi ya ce ya latsa jarumin bai koma Hausa ba.

Wadda ta tsayar da ni daga wata malamar Hausa ta fito, yayar wani abokina. Ta ce, "Ƙanena, me ya hana ku ce sha-kundum?" Ta tuna mini da makaɗa. Makaɗin fada ubangidansa ɗaya, shi yake wa waƙa, shi yake bi, in ya je wata fadar da izini ya je. Wannan shi ne rimut ɗin da ya zo a kwali tare da talabijin. Akwai kuma makaɗin da kowa nasa ne, sarki da attajiri da direba da mahauci, duk wanda ya kira shi zai amsa. Shi ne na sha-kundum. Mu da muka tashi a ƙasar makaɗan fada ba sai an yi mana dogon sharhi ba.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne, kwatancin bai tsaya a nan ba. Makaɗin sha-kundum ba zai wasa ka ba sai an raɗa masa sunanka da na mahaifinka da garinku. Haka wannan rimut: sai ka duba 'yar takardar da ke cikin kwalinsa, ka nemo sunan kamfanin talabijin ɗinka, ka shigar da lambar da ke gabansa, galibi lambobi 3 ko 4. In ba ta kama ba ka gwada ta gaba. In duk sun ƙi, akwai hanyar sa shi ya bi lambobin da kansa har talabijin ya mutu, sai ka tsayar. Kada ku yar da takardar nan da ledar, na roƙe ku.

Daga nan muka samu sunayen iri biyun da ake sayarwa. Wanda aka zuba wa lambobi tun daga masana'anta, abin da ya sani ya sani, shi ne mai hadda. Wanda kuma ake haɗa kansa da kan tsohon rimut, a latsa wancan shi ya kwafe maɓalli bayan maɓalli, shi ne mai ɗaukar karatu. Mai talabijin ko risibar da sunanta ba ya cikin kowace takarda, irin waɗanda suka cika kasuwa, mai ɗaukar karatu zai nema, da sharaɗin malamin yana da rai. In tsohon rimut ya riga ya mutu, babu mai biya masa.

Na san abin da za a ce: sha-kundum ta cika baki, kamar ba abin da zai gagare shi. Gaskiya ne, ni ma ta ci ni. Mai shagon da na saya a wurinsa ya rantse mini yana cin komai. Na zo gida, talabijin ya amsa, risiba ta amsa, sifika ya amsa, sai ɗan akwatin kallo ta intanet da ƙanena ya jona ya yi kunnen uwar shegu. Ashe shi da Bluetooth yake magana, ba da haske ba, kuma rimut mai haske zalla ba shi da ta cewa a wurinsa. Na'urar sanyaya ɗaki ma nata daban ne, don kowace latsa ɗaya rimut ɗinta yana aika duka bayanin ne, sanyi da ƙarfin iska da sauransu; akwai sha-kundum ɗinta na musamman. Amma wannan cika bakin ba kalmarmu ta kawo shi ba, yana cikin ta Turancin tun asali. Mai saye dai ya ɗauki hoton bayan na'urorinsa ya tafi da shi shago, ya kuma yi ciniki a kan in bai kama ba zai dawo da shi.

To ni dai na tsaya a nan: rimut sha-kundum, mai hadda ko mai ɗaukar karatu. Wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo, musamman mutanen Gwadabawa da Tambuwal da na san ba sa rasa magana. Jam'in rimut ma ban taɓo ba, wannan rigimar wata rana ce.

A gida kuwa an riga an gutsure ta. Daren jiya ana shirin labarai na ji Inna daga ɗaki tana cewa autanmu, "Kai, ina kundum ɗin nan? Rage man muryar mutanen ga."