Neman shawara: in aje kotso in tafi Kano, ko in tsaya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni mawaƙi ne a nan Sakkwato, da kotso nike waƙa, ni da 'yan amshina. Waƙoƙina na manoman albasa ne, da majema, da masuntan gulbin Rima, cikin Sakkwatancinmu. Wani mai sutudiyo a Kano ya ji muryata ya ce in zo zai riƙa biyana kowace waƙa, amma da sharaɗi: in hau kiɗan fiyano, in yi ta soyayya irin ta fim, in gyara harshe ya koma Kananci, kuma duk abin da na rera mallakarsa ne. Gida akwai nauyi, abin da nike samu wurin buki bai kai ya kawo. Mi kuka gani?

Wani dattijo daga Ƙanwuri: Wa'alaikumus salam ɗana. Maganar canza harshen nan ita tat tsaya min a rai. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi waƙa, da harshen ƙasag ga, ba su ari bakin kowa ba. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, amma har gobe ana sa shi a rediyo, ɗalibai na nazarin baitocinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masu fiyano sun cika Kano, duk murya ɗaya inji ke mayar da su. Wa zai yi wa majemi waƙa in ka tafi?

Wata Hajiya daga Mabera: Baba, a gafarce ni, amma waɗancan suna da iyayen gida. Narambaɗa na fadar Sarkin Gobir na Isa, ana ba shi doki da riguna da hatsi. Yaron nan wa gare shi? Ƙanena, neman halali ba abin kunya ba ne. In za ka je, je ka koyi aikin sutudiyo, sunanka ya fita.

Mai tura waƙoƙi a waya: Ɗan'uwa, ni kullum da masu sauraro nike. Sabuwar waƙar fim takan yi zafi 'yan makonni, sai wata ta ture ta. Amma direbobi da 'yan ci-rani, har baƙi daga Konni, tsofaffin waƙoƙin gargajiya suke cika memori da su, shekara da shekaru. Abin tsoro a takardar yarjejeniyar nan shi ne mallaka. Ka karɓi kuɗi sau ɗaya, shi ya yi ta cin ribar YouTube da Audiomack, kai ko rera ta a buki sai da izninsa. Kada ka sa hannu sai lauya ya karanta maka. Ka nemi a ƙayyade adadin waƙoƙi da wa'adi, kuma tsofaffin waƙoƙinka kada su shiga ciki. Ka buɗe tasharka tun yanzu; YouTube kan fara biyan kuɗin talla in ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Ba nan take ba ne, sai haƙuri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. To in ya ƙi yarda a taɓa sharaɗin mallakar fa?

Mai tura waƙoƙi a waya: Sai ka ba shi haƙuri. Akwai sutudiyo a nan garin. Ka biya kuɗin ɗauka, ka shiga da kotsonka da 'yan amshinka, ka fito da waƙarka a hannu. Kawo min ita, zan fara jiyar da direbobin Illela.