Gwiwata na ciwo a gangare, ga tafiyar duwatsun Turkiyya saura mako uku

Assalamu alaikum. Na biya kuɗin tafiyar ƙafa ta kwana shida tare da ɗan jagora a hanyar Likya, wadda ta bi duwatsun bakin Bahar Rum tsakanin Fethiye da Antalya. Daga Ovacık za mu tashi, mu ratsa gindin dutsen Babadağ zuwa Faralya, washegari mu gangara Kabak.

Gwiwar dama ce ta sa ni gaba. Hawa ba ya damuna, amma da na yi minti 20 ina gangarowa sai zafi ya taso ta gefen waje, kamar ana soka min tsinke. Babu kumburi, ba ta yin ƙara. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau nake, amma washegari ko matakalar bene sai na dafa bango nake sauka.

Na sayi takalmi mai kama idon sawu da sanduna biyu. Na rage jakata daga kilo 9 zuwa 5. Na ɗaura bandeji, na shafa man zafi, na huta kwana goma cur. Ranar Asabar na sake gwadawa, abin ya dawo tun ban yi nisa ba, sandunan ma kafaɗa kawai suka gajiyar min.

Na rubuta wa kamfanin da ya shirya tafiyar, suka ce mota za ta riƙa kai manyan jakunkuna masauki, kuɗi kuwa ba a mayarwa. To ai ba jaka ce damuwata ba, gangaren tsakuwa ne.

Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan ciwon: wane motsa jiki ne ya sa ka iya gangaren awa biyu cikin mako uku?