"Da yayyafi kogi kan cika": har a cikin wasan gem na waya da kwamfuta ma?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Jiya muka yi musu da ƙanina, na ce bari in kawo muku ku raba mu. Muna buga PUBG, wasan harbe-harbe na waya, mu huɗu a tawaga ɗaya. Zon, wato da'irar da ke ta tsukewa wadda dole kowa ya kasance cikinta, ya fara matsowa, kowa ya kama hanya, shi kuwa ya tsaya a wani gida a Pochinki, wani gari a cikin wasan, yana tsintar bandeji da harsashin bindigar da ba ya ma riƙe da ita. Kafin ya fito wani ya harbe shi ta taga. Da na yi masa faɗa sai ya ce mini wai da yayyafi kogi kan cika. Ni a ganina ya ɗora karin maganar a inda ba muhallinta ba. Ko ni ne ban gane ba?

Autan Gida: Yaya, ka faɗi rabi ka bar rabi. Shekaranjiya da jininka ya kusa ƙarewa a bayan dutse, bandejin wa ka karɓa? Wanda ka ce in bari ne fa. Kowanne goma yake ƙara wa mutum, kuma da shi za ka iya kaiwa har 75. Guda biyar ka sha, ka tashi, muka shiga goman ƙarshe. Ɗan hakin da ka raina.

Mai Shayi: Hahaha, ashe wanda ake ƙara yana cikin kotun. Auta, ni sunan da na san ya dace da kai ɗaya ne: jaki ba ya wuce toka. Ina da abokin wasa irinka a Free Fire, wani wasan harbi irin PUBG, in ya ga akwatin kayan wanda aka kashe ko a tsakiyar fili ne sai ya je ya birgima a kai.

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam. Ni ba na buga waɗannan wasanni, 'ya'yana ne ke yi, amma karin maganar na ɗan san ta. Ku lura da abin da ta ƙunsa. Ba yayyafi kaɗai ta ambata ba, ta ambaci kogi. Ruwa ba ya taruwa sai da wurin da zai riƙe shi. Yayyafin da ya sauka a kan rairayi yana sauka yana nutsewa, ko shekara ya yi ba za ka ga tafki ba. Shi ya sa ake faɗarta ga mai adashi, ko ɗalibin da ke haddace aya biyu kullum, ko mai sayar da ƙosai da ke jefa ɗan canji a asusu. Abin da aka tara jiya yana nan yau, na yau ya hau kansa. To tambayata ga masu wasan: abin da Auta ya tsinta, in an gama wannan zagayen, yana bin sa zuwa na gaba?

Ɗan Fagge: Ko ɗaya, Malam. Mutum 100 ake jefowa daga jirgi hannu rabbana, wanda ya rage shi ya ci. Ana gamawa komai ya tafi, gobe ka sake sauka ba ko wuƙa.

Malamin Hausa: To ka ga babu kogi ke nan. Guga ce, kuma a ƙarshe kifar da ita za a yi.

Gimbiya: Malam, da girmanka, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Guga ma ai cika take yi, kuma wanda gugarsa ta cika shi ke shan ruwa da rana tsaka. A cikin zagaye ɗaya ma akwai tari. Harsashi talatin nan, talatin can, su ne a ƙarshe suke raba wanda ya ci da wanda ya tsaya yana danna bindiga ba komai a ciki. Kuskuren Auta ba tsinta ba ne. Lokacin da ya yi ta ne. Karin maganar da ta kama shi ita ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Mai Shayi: Wannan kam ta zauna daram.

Na Damagaram: Sannunku. Ni ba ma'abocin wasan harbe-harbe na waya ba ne, a kwamfuta nake yi, kuma a can maganar Malam ta fi fitowa fili. Ku ɗauki Skyrim, wanda ya fito a 2011. A nan kogin yana nan, don abin da ka tara naka ne har ka gaji da wasan. Amma sun sa wa jaka iyaka: nauyin 300 kake farawa da shi, in ka wuce ba ka iya gudu, sai tafiyar hawainiya, kuma ba ka iya tsallakawa daga gari zuwa gari ta taswira. Farkon farawata babu abin da nake bari. Kwano, cokali, kwando, tsintsiya, har kabeji. Ran da na kashe dodo na farko, na zo ɗaukar ƙashinsa, guda ɗaya nauyin 15 amma darajarsa 500, sai na tarar jakata cike da kwanukan katako. Na fi minti goma a tsaye ina zubar da tarkace. In ma ka kai kasuwa, ɗan kasuwar kuɗin hannunsa kan ƙare kafin kayanka su ƙare.

Daga nan na kafa wa kaina doka: duk abin da darajarsa ba ta ninka nauyinsa sau goma ba, na bar shi a ƙasa. Kibiya da zinariya ba su da nauyi ko kaɗan, su kam ko ɗaya na gani sai na sunkuya. Kenan ko inda kogi yake, ba kowane ruwa ake tara ba.

Autan Gida: Na gode Yaya Gimbiya. Kuma ku tuna da kaskon suya na PUBG. Wa zai ce kasko makami ne? Amma in ka rataya shi a baya yana tare harsashi. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Ɗan Fagge: Kaskon da ka tsaya ɗauka jiya bai tare na taga ba ai.

Kawu Manomi: Ku yaran nan kun sa ni dariya. Abin da kuke yi sunansa kala, ba wani sabon abu ba ne. Bayan an yi girbi an kwashe, mata da yara su shiga gona suna bin zangarniyar da ta faɗi, ko 'ya'yan gyaɗar da suka maƙale a ƙasa. Mun yi muna yara. Wuni guda ka samu kwano ɗaya, ka yi murna. Amma ban taɓa ganin mai gona ya bar damin gero a tsaye hadari na tasowa ya tafi kala ba. Kala aikin wanda ya gama babban aiki ne, ko wanda ba shi da gona.

Autan Gida: Kawu, to ai akwai tsintar dami a kala! Wata rana a irin wannan ɗakin da kowa ya wuce na samu hular kwano mai mataki na uku.

Malamin Hausa: Auta, ka ɗauko wadda za ta kayar da kai. Me ya sa Bahaushe ya mayar da tsintar dami a kala abin faɗi? Don ba a saba gani ba. Da kullum ake tsintar dami, da ba ta zama karin magana ba. Ana faɗinta ne bayan sa'a ta faɗo wa mutum, ba a faɗinta don a tura mutum ya je nema. Sau nawa ka shiga irin ɗakin ka fito da bandeji kawai?

Autan Gida: Malam, wannan ba na ƙirgawa.

Gimbiya: Akwai kuma wasannin da tarkacen su ne dukiyar. A Fallout 4 na 2015, fankar tebur da kowa ke wucewa ita ake farfasawa a ciro sukurori, salatif kuma a samu gam, kuma ba ka gyara bindiga sai da su. A Minecraft ramukan jaka 36 ne, kowane rami yana ɗaukar 64 na ƙasa ko dutse. Sabon shiga zai zubar da ƙasa don ya cika jaka da ƙarfe, dare ya yi, dodanni su kewaye shi, ya rasa abin da zai yi katanga. Wanda ya daɗe yana wasa ba ya rabuwa da rami ɗaya na ƙasa. Don haka kafin a ce abu ƙarami ne, sai an san me wasan yake yi da shi.

Mai Shayi: Wani ya taɓa jefa mini "tsintacciyar mage ba ta mage" a kan wannan batu. Na ce masa a Free Fire mu 50 duk tsirara muke sauka, kowace bindiga tsintacciya ce. In ba ta mage to da me za a yi faɗan?

Malamin Hausa: Bai dace ba kam. Waccan ana faɗinta ne a kan abin da ya zo a banza ba ka san asalinsa ba, ka dogara da shi ya ba ka kunya. Ba ta shafi bindigar da an ajiye ta ne musamman don a tsinta ba.

Na Damagaram: A wajenmu na fi jin "garin neman ƙiba an samo rama" ga irin abin da ya sami Auta. Ko ku ma haka kuke faɗa a Kano?

Ɗan Fagge: Haka muke faɗa, wasu kuma su ce garin gyaran gira an rasa ido. Auta, yau da daddare bayan isha'i za mu shiga. Ka kunna abin nan da ke ɗaukar kaya da kansa, ka saita masa adadin bandeji, in ya kai ya daina. In zon ya motsa na ga ka juya wani ɗaki, ba zan dawo tayar da kai ba.

Autan Gida: To Yaya. Amma in jininka ya yi ƙasa kada ka kira sunana.