Neman shawara: karena yana haura katanga amma ya kasa bin sawu

Abban Zahra:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin harkar karnukan aiki a nan Ingila ku taimaka, kaina ya ɗaure. Ina zaune kusa da Bradford. Karen nan, Duna, ba ni na je nemansa ba. Wani maƙwabcinmu ne aiki ya mai da shi Landan, gidan da ya samu ba a yarda da dabba, ya rasa yadda zai yi, ni kuma ina da fili a bayan gida, sai na karɓa. Da farko uwargida ba ta so ba, sai da muka yi yarjejeniya ba zai taka cikin gida ba, na gina masa ɗakinsa a waje, na sa rufi biyu saboda sanyi. Uwarsa Jaman Shefad ce, uban an ce Labrado ne. Ƙarfinsa ya yi yawa, yawo sau biyu a rana ba ya isarsa, shi ne na ji labarin gasar karnukan aiki da suke kira working trials, wadda Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta ƙasar nan, ke kula da ita. Na haɗa katangar katako da hannuna, yanzu yana haura ƙafa 5 kamar wasa. Matsalar ita ce bin sawu. Da na sa masa igiya sai ya ɗaga kai, ya finciko ni, ya wuce abin da na ajiye ko kallo bai yi ba. Ina so mu shiga gasa nan da wata 3. Ko dai ba shi da hanci ne?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ka faɗa mana rufin ɗakinsa, ba ka faɗa mana shekarunsa ba. Watansa nawa? Kuma yaya kake shimfiɗa sawun, taku nawa, a wane irin fili?

Abban Zahra:
Watansa 11, Baba. A filin shaƙatawar unguwarmu nake yi da yamma, kamar taku 200, ina karya kwana sau biyu ko uku.

Baban Hanifa:
To ka saurara da kyau. Maganar wata 3 ka ajiye ta, domin kare ba ya shiga matakan wannan gasa sai ya cika wata 18. Kana da wata 7 a hannu, kuma alheri ne gare ka.

Katangar nan ka kwance ta yau. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukar ce. Duk nauyin kare a kan ƙafafun gaba da kafaɗu yake dira, kuma babban kare ɗan wata 11 ƙasusuwansa ba su gama ƙosawa ba. A gasa ma ba hawa ɗaya ba ne: zai haura, ya tsaya a ɗaya gefen a zaune ko a kwance ko a tsaye, duk wanda ka shaida wa alƙali tun farko, sannan ka kira shi ya sake haurowa. Dira biyu ke nan kowane zagaye.

Batun hanci kuwa, hancinsa lafiya lau, shimfiɗarka ce ta yi masa yawa. Filin da mutum ɗari da karnukansu suka tattake tun safe, ta yaya sabon shiga zai ware sawunka? Ka koma farko. Ka samu ciyawar da ba a taka ba, tsayinta kamar zuwa idon sawu, da sassafe raɓa ba ta bushe ba. Ka ɗaure shi inda yake ganinka. Ka kafa sanda, ka murza ƙasa da takalmi a gindinta, ka zuba ɗan abinci. Daga nan ka yi taku 15 zuwa 20 a miƙe, gajeru, ƙafa na bin ƙafa, kana sa guntun dafaffiyar hanta kamar ƙwayar wake a cikin kowane sawu. Iska ta kasance a bayanka. In ka fuskance ta, za ta kawo masa ƙamshin abincin ta sama, ya koyi ɗaga kai, wato ainihin ciwon da kake kuka da shi. A ƙarshe ka ajiye lada mai yawa, ka ci gaba da tafiya gaba, ka zagayo ta nesa, kada ka dawo ta kan sawun. Sau uku a fita ɗaya ya isa, kuma kafin ya ci abincin safe.

Igiya ta zama mai tsayin mita 10 zuwa 12, a maƙale a ɗamarar ƙirji, ba a wuya ba. Amma a makonnin farko mita 2 kawai za ka sakar masa. In ya kauce ka tsaya cak, ka yi shiru, ka bar shi ya nemo da kansa. Karya kwana ba ya shigowa sai yana yin taku 100 a miƙe hanci a ƙasa, abincin ya ragu zuwa kowane taku 10.

Maman Sadiq:
Baba, a kan katanga ina tare da ku, amma hanta a kowane taku ban yarda da ita ga kowane kare ba. Akwai wanda hakan ke mayarwa mai kiwo, ya riƙa tsayawa yana lasar ciyawa, ranar da aka janye abincin ya ce ba ya yi. A fili ranar gasa babu abinci, babu abin wasa. Kare mai jinin Labrado yawanci yana da son ɗauko abu. In Duna na haukan ƙwallo ko tsohuwar safa, a nuna masa, a je a ajiye a ƙarshen taku 20, a kawo shi sanda. Wannan yana koya masa tun farko cewa sawu kai shi yake ga wani kaya, kuma kayan nan maki ne.

Sannan babu wanda ya yi maganar rajista. Tunda ruwa biyu ne, ba zai shiga rajistar jinsi ba, sai ka sa shi a wadda Kennel Club ke kira Activity Register. Ba tare da ita ba, ba za a karɓi takardar shigarka ba.

Baban Hanifa:
Hajiya, karen da ya riga ya koyi fincika shi za a ƙara wa ƙwallo a gaba? Gudu zai ƙara. Abinci ne ke rage masa sauri ya sa hanci ƙasa. Ƙwallo sai daga baya.

Abban Zahra:
Na gode, amma a gaskiya katangar ba na jin tana cutar da shi. Da kansa yake zuwa ya haura ko ban ce ba, kuma ƙasan wurin ciyawa ce mai laushi. Bai taɓa ɗingishi ba. Filin unguwar kuma shi kaɗai nake da shi, ba ni da gona.

Kawu Bala:
Ɗana, son hawa ba shaidar lafiya ba ne. Kare mai zafin aiki yana ɓoye ciwo, sai abu ya yi nisa ka ga ɗingishi. Jaman Shefad da Labrado duka an san su da matsalar ƙugu da gwiwar ƙafar gaba, naka kuma ya haɗa jinin biyu. Da ya cika wata 12 ka kai shi wurin likitan dabbobi a ɗauki hoton ƙashin ƙugu da gwiwa kafin ka ɗora masa wani tsalle. In hoton ya yi kyau, ka fara daga ƙafa 2, kana ƙara katako ɗaya bayan makonni, kuma ka sa tebur ko gangara a bayan katangar don ya koyi saukowa a hankali maimakon ya yi tsalle daga ƙoli. Tunda yana hawa da kansa, ko ba komai kada a bar ta a tsaye in ba ka nan.

A da, shekara da shekaru, ma'aunin manyan karnuka shi ne shinge ƙafa 3, dogon tsalle ƙafa 9, katanga ƙafa 6, ana rage wa ƙanana a matakan farko. Ka buɗe littafin dokokin wannan shekarar ka duba ma'auni kafin ka sake yanka katako.

Ɗan Katsina:
Abin da ke ba ni haushi ke nan da masu bidiyon intanet. Kullum kare na tashi sama kamar tsuntsu, ga kiɗa. Babu mai nuna maka mutum tsaye a gonar da aka yi wa huɗa ƙarfe 6 na safe, ruwa na dukansa, yana jiran sawu ya tsufa. Sai mutane su ɗauka tsalle ne gasar. Sannan kowa ya ruga ya sayi kare jinsin Malinuwa, bayan wata 6 ya rasa yadda zai yi da shi.

Baban Hanifa:
Mu dawo kan Duna. Abban Zahra, kana ta damuwa da sawu, alhali matakin farko, CD, babu dogon sawu a cikinsa. Aikin hanci a can shi ne fili mai kusurwa huɗu, yadi 15 kowane gefe, an ɓoye ƙananan kaya 3 masu warin hannun wani baƙo, minti 4, kai kana waje, kare ya nemo ya kawo maka. Ana bukatar aƙalla 2. Daga UD, matakin da ke gaba da CD, zuwa manyan matakai WD da PD da TD, filin ya zama yadi 25, kaya 4, minti 5, kuma a nan sawu ke shigowa, kusan rabin mil, wani ne daban zai taka. A UD sawun ya yi rabin awa, a WD awa ɗaya da rabi, a PD awa 2, a TD awa 3 da kaya 3 a kai.

Ka fara filin neman kaya yau a bayan gida. Guntun fata, guntun tiyo, murfin kwalba, tsohon cokali, guntun kafet. Ka saba masa da ƙarfe da wuri, karnuka da yawa suna ƙin ɗaukarsa. Kada ya tauna, kada ya yar a hanya, ana cire maki. In ya fara tauna, laifin yawanci na mai karɓa ne da ke saurin fizge kayan daga bakinsa.

Abin da ya fi kayar da sababbi kuwa kwanciya ce: minti 10, kai ka ɓace masa, ga wasu karnuka a gefensa. Ka gina ta da daƙiƙa 30 kana tsaye kusa. Ka ƙara lokaci ko ka ƙara nisa, kada ka ƙara biyun rana ɗaya. Akwai kuma turawa, ka aika shi ya miƙe aƙalla yadi 20 ya tsaya inda alƙali ya nuna, da tafiya a gefen ƙafarka da igiya da babu igiya, da kira, da ɗauko dambel, wato guntun katakon da ake jefa masa. Kowane rukuni, wato biyayya da tsalle da hanci, sai ka ci kashi 70 cikin 100 a cikinsa, jimla kuma kashi 80 kafin ka samu CDEx, shaidar cin CD da babban maki. Ƙwarewa a katanga ba ta cike maka giɓin biyayya.

Maman Sadiq:
Batun fili, ka nemi ƙungiya. Akwai ƙungiyar gasar ta yankin Yorkshire, akwai wata ƙungiyar mai suna ASPADS wadda ita ta shirya gasar farko a 1924. Ka je gasa ba tare da kare ba, ka ce za ka taimaka. Kullum ana neman masu hannu, kuma ta nan ake koyon shimfiɗa sawu da sanin manoman da ke ba da gona. Kada ka shiga gonar kowa ba izini. Dokar 1953 ta kare dabbobin kiwo tana hukunta mai karen da ya kori tumaki, kuma a filayen da aka buɗe wa jama'a, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli igiyar kare ba ta wuce mita 2 saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Doguwar igiyarka ba ta da wuri a can a lokacin.

Ɗan Katsina:
Kuma masu sakin karnuka cikin tumaki su ne suke sa manoma rufe ƙofa ga kowa. Mutum ɗaya ya ɓata, a hana mutum ashirin.

Abban Zahra:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Katangar na cire katako biyu, ta dawo ƙafa 4, ban kwance ba, don ina tsoron ya manta. Yau da safe na gwada hanta taku 20 a gefen filin ƙwallo. Ya bi kamar taku 12 da kyau, sai ya ɗaga kai ya ruga ƙarshe. Gobe zan gwada ƙwallon Hajiya in gani. Zuwa gasa don taimako kuma zai yi wuya, ina aiki Asabar.

Baban Hanifa:
Ba ya mantawa, ka kwance. Kuma kada ka yi hanta yau, ƙwallo gobe, za ka rikita shi. Ka riƙe ɗaya mako 3 kafin ka yanke hukunci. Iska ta ina take kaɗawa sa'ad da ya ɗaga kan?

Kawu Bala:
Hoton ƙugun fa, ka yi magana da likitan?

Abban Zahra:
Ban lura da iskar ba, Baba. Wai a CD ana harba bindiga? Don yana firgita da ƙarar wasan wuta na watan Nuwamba.

Maman Sadiq:
A CD babu, daga UD ake farawa. Amma firgitar nan wani aiki ne daban, kuma ba da ƙara mai ƙarfi ake fara shi ba. In ya ji, ɓuya yake yi ko haushi?