Layukan RHEED ɗina sun koma ɗigo ɗigo, na ɓata samfur ne?

Sabuwar_Shiga:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu aiki da injin MBE (injin da ke shuka kiristal shimfiɗar atom ɗaya bayan ɗaya) ku taimaka min, sati na biyu kenan da fara koyon shuka siririn kiristal, jiya muna ɗora InAs (haɗin indiyam da asenik) a kan faifan GaAs (haɗin galiyam da asenik), da farko allon RHEED (na'urar da ke harba ilektoron kan faifan don mu ga yanayin samansa) yana nuna dogayen layuka gwanin sha'awa, ba a jima ba sai kawai suka tsittsinke suka koma ɗigo ɗigo. Wanda ke koya min dariya kawai ya yi ya ce sai gobe, ni kuma wlh na kasa barci. Sannan tun muna shuka GaAs hasken tsakiya yake hawa yana sauka har ya daina, shi ma matsala ce?

Malam_Fizis:
Wa alaikumus salam, kwantar da hankalinki malama. Ilektoron ɗin da ƙarfinsu suke zuwa, kamar keV 10 zuwa 30 (keV ma'aunin ƙarfinsu ne), amma a kwance suke faɗo wa faifan, kusurwar digiri 1 zuwa 3 ce kacal, shi ya sa fatar sama kawai suke shafa. In saman sumul yake sai ki ga layuka, in kuma ƙananan tudu sun taso ilektoron su ratsa ta cikinsu sai ki ga ɗigo. To tazarar atom na InAs ta fi ta GaAs da kusan kashi 7 cikin 100, shimfiɗar farko a matse take zama dole, da an kai wajen shimfiɗa 1.7 sai ta kasa jurewa ta dunƙule ta zama tsibirai. Stranski-Krastanov ake ce wa wannan, kuma da gangan mutane ke yi don samun ɗigon kwantam, wato ƙananan tsibiran nan masu kulle ilektoron a cikinsu. Ina zargin abin da mai koya miki ke nema kenan ma.

Dan_Lab:
Hawa da saukar nan ai agogo ne kyauta, duk zagaye ɗaya shimfiɗa ɗaya ce ta cika, a GaAs kusan nanomita 0.28. In kina shuka maikiron ɗaya a awa za ki ga zagaye ɗaya a daƙiƙa. Yana mutuwa ne don sabuwar shimfiɗa na farawa tun ta ƙasa ba ta gama cika ba, ki rufe murfin tukunyar galiyam ki bar asenik a buɗe na ɗan lokaci hasken zai dawo. Kuma ki tsai da juyawar faifai kafin ki ƙirga, ni na daɗe ina wannan shirmen.

Hajiya_MBE:
Malam ka yi gaskiya amma ni dai ba na saurin yin murna da ɗigo. Ko lokacin ƙone tsatsar saman GaAs, wajen zafin digiri 580 na Celsius, saman kan yi kaushi ya ba da ɗigo, datti ma haka. Ƙanwata ki duba littafinki, daƙiƙa nawa bayan buɗe murfin indiyam abin ya canza? In lissafin ya faɗo kusa da 1.7 shikenan. Zobe zobe ne abin tsoro, shi ne kiristal ya watse kowane ɓangare ya kama gabansa.

Sabuwar_Shiga:
Na gode sosai Hajiya, na duba, shimfiɗa 0.1 muke yi a daƙiƙa kuma a daƙiƙa ta 17 ko 18 na rubuta ya canza. Babu zobe ko ɗaya. Gobe zan roƙa a sa min shi a AFM, na'urar da ke shafa saman samfur da siririyar allura ta fito da hotonsa, in ga tsibiran da idona.